Masarar da Ta Fito da Kanta

Ku yaran da kuka shigo aikin gona na gwamnati yanzu, na ji kuna cewa aikinmu na da ba aiki ba ne, wai buga turke ne kawai da yawo a bayan Bature. To ni ba Bature na bi ba, Ba'indiye ne, turke kuma ya fi yadda kuke zato nauyi. Zan faɗa muku yadda muka yi shi, har da inda na ɓata, don shekaruna sun wuce na gyara wa kai suna.

Sunana Umaru. Iyakar karatuna firamare, a nan Yelwa. Da ita aka ɗauke ni malamin awo a ofishin gona, zamanin da albashinmu ke zuwa daga Sakkwato. Kayan aikina igiyar awo, guduma, adda, gwangwanin fenti ja da na fari, da ɗaurin turaku na itacen ƙirya, don ita ce gara ba ta ci, ruwa kuma ba ya ruɓar da ita da wuri. In tafiyar tudu ce, keke. In ta ruwa ce, jirgin Ɗanjumma, wani masunci mai bakin tsiya da ofis ke haya.

Ga dalilin aikin. Tun da aka datse kogi, tafki ya haɗiye gungaye da fadamun mutane, aka kwashe su aka mai da su tudu. Amma kowace bazara ruwa yakan janye ya bar laka baƙa mai albarka, mil da mil, jama'a su yi ta rige-rigen shuka kafin ya dawo da kaka. Ƙasar da ke ɓacewa rabin shekara ba ta riƙe iyaka, saboda haka rigima ba ta ƙarewa. Mu ne masu rabawa. Inda hannun mutum ya shuka da niyya, jan turke, wurin yana da mai shi. Inda abu ya fito ba shuka ba, farin turke, gwamnati na iya ba wanda ta ga dama.

Maigidana a aikin shi ne Ba'indiyen nan, muna kiransa Mai Lema, don ko gizagizai babu ba ya rabuwa da ita. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Ranar farko na nuna masa wani fili na ce da Turancina, abin nan ya fito ne kawai. Ya rufe lemar ya dube ni.

"Umaru, kowane abu fitowa yake yi. Ni yadda ya fito nake so ka faɗa mini."

A nan na gane Turawa sun yanka "ya fito kawai" gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta, kuma ba a littafi ya koya mini su ba, a cikin laka ne.

A wani bakin ruwa kusa da Wara muka tarar da ciyawar burgu ta rufe fili, wani mutum ya ce tasa ce don shanunsa ke ci. Mai Lema ya ce wannan natural ce, abin da ƙasa da ruwa ke yi bisa al'adarsu ko da ba a halicci mutum ba, kamar ɗorawa a daji, kamar ambaliya. Can gaba muka ga shinkafar tsuntsu, mai zubar da ƙwaya da ka taɓa ta. Ya ce ita wild ce, ba ta taɓa shiga rumbun kowa ba, kakanninta ma ba su san mutum ba. Gyauron gero kuwa, wanda ya zube bara ya tsiro bana, ya ce volunteer ne: asalinsa na gida, amma ba wanda ya aike shi. Ana gane shi da rashin tsari, nan cunkus, can fayau.

Akwai aikin da ba na mantawa a hanyar kasuwa. Wake ne ya fito siriri a gefen turba, tun daga mashaya har gindin wata kuka, mutum biyu suna neman fasa wa juna kai a kansa. Mai Lema ya bi layin waken da ƙafa, ya ga inda ya yi kauri duk wurin da jaki kan tsaya ne. Ashe buhun wani ɗan kasuwa ne ya huje. Ya ce wannan accidental ne, akwai hannun mutum amma babu niyyarsa. Farin turke. Mutanen biyu suka haɗu suka zage mu tare, suka tafi suna abokai.

Ta ƙarshe a Shanga na koye ta. Tarin harawar wani manomi ya kama wuta da rana tsaka, ya rantse maƙwabcinsa ne. Mai Lema ya kai mu ga ɗaya tarin da bai ƙone ba, ya sa mai harawar ya cusa hannu har kafaɗa. Mutumin ya fizge hannu yana salati, ciki kamar tanda. Da ɗanyenta ya tara ta, ta dafa kanta. Mai Lema ya ce wannan spontaneous ne, abin da ya taso daga cikin kansa, babu mai tura shi daga waje.

Da na jera su sai na ga duk tambaya biyu suke yi: akwai hannu? Akwai niyya? Wannan shi ne aikin gaba ɗaya, kuma ba a amsa shi daga kan keke. Sai ka durƙusa, ka tona, ka duba zurfin iri, ka duba sawu, sannan ka tambayi mutane a hankali.

A hankalin nan ne ban iya ba. Kalmomin sun shiga kaina kamar giya, Allah ya yafe mini. Nakan tsaya a gaban dattijon da ya isa ya haifi ubana in daka masa Turanci don in ga ya yi zuru. Kifi kuwa, duk wanda ya kawo ban taɓa mayarwa ba, ko da ina da turke a gonarsa. Ɗanjumma da ya tsinci kalmomin a bakinmu ba ya raga mini.

"Malam Umaru, wanga tumbi naka natural ne ko kihin mutane ne?"

"Tuƙa jirginka, kai da aka haifa accidental."

"Awo, Innata ta yi niyya. Taka ce aka ba mamaki."

Sai shekarar farin nan ta zo. Damina ta yi rowa, gero ya bushe a tsaye, mutane suka koma cin tafasa da rama ba gauraye. Tafki ya ja da baya fiye da yadda kowa ya taɓa gani. Itatuwan da ruwa ya kashe suka fito tsirara, farare fat, ba ganye ba ɓawo. Tsofaffin garuruwa suka fara leƙowa: gindin katanga, dutsen niƙa, bakin rijiya. Daga sama aka aiko da umarni a nemo duk ƙasar da ba ta da mai ita a sa mata tarakta, a yi noman gaggawa.

A cikin ƙasar Ngaski akwai wani tsohon gari da ake kira Gungun Tsamiya. Mutanensa suna tudu yanzu, amma ƙoƙon tsibirin, inda maƙabartarsu take, yakan fito kowace bazara kamar bayan kunkuru. Da can ruwa ke kewaye shi, ba mai damuwa da shi. A shekarar nan laka ta haɗe shi da gaɓa, tarakta na iya isa.

Tun farkon bazara na riga na ga wani abu a wurin. Mun fito da sassafe ni da Ɗanjumma za mu yanko turaku, sai na hangi mutum shi kaɗai a kan tsibirin, dogo, da sungumi. Yana sara, yana jefa iri, yana takewa. Da ya kai ƙarshen layi sai ya ɗauki reshen giginya ya dawo da baya-baya yana share sawunsa. Na ɗaga hannu zan yi sallama, Ɗanjumma ya buge mini hannu da filafili.

"Ba ka gane shi ba. Ni ma ban gane shi ba."

"Ba Baba Nomau ba ne?"

"Malam, ka ji mi nac ce."

Ba sai ya yi mini bayani ba, Innata 'yar gungu ce, na san zancen. Ranar da aka kwashe su, ba su iya kwashe matattunsu ba. Sai dattawa suka ɗora wa kansu cewa kowace shekara mutum ɗaya zai shuka masara a wurin, sadaka ga waɗanda aka bari. Tsuntsu ya ci, masunci mai wucewa ya karya ya gasa, amma ba a kai ta gida, kuma ba a faɗin wanda ya shuka. A wurinsu sadakar da aka ambaci mai ita ta tashi daga sadaka, ta zama gona. In baƙo ya tambaya, amsa ɗaya ce.

Da muka zo awo da Mai Lema, masarar ta kai gwiwa, kore shar a tsakiyar ƙasar da komai ya ƙone. Layukanta a miƙe, sai dai nan da can layi yakan karkace ya kewaye wani fili mai tsawon mutum, sannan ya koma hanyarsa. Mutanen gari sun biyo mu sun tsaya. Tarakta tana bakin gaɓa, direba bai ma kashe ta ba. Baba Nomau yana gaba, ya dogara da sanda.

Mai Lema ya ce in tambaya wa ya shuka.

"Baba, Mai Lema na gaisuwa. Yana tambaya, wa ya shuka masarar nan?"

"Muna amsawa. Da kanta ta hito."

Na juya wa Mai Lema da Turanci. Ya yi murmushi, ya ce in gaya wa tsohon duk cikin amfanin gona masara ce ba ta iya rayuwa sai da mutum, ƙwayarta a ɗaure take cikin riga, in ta kwana wata da watanni a ruwa ruɓewa take yi. Ya ce ba tarko yake ɗana wa kowa ba, suna kawai yake so ya buga jan turke, tarakta ta juya.

Na faɗa. Tsohon ya dubi lemar, ya dubi masarar.

"Ɗana, hwaɗa mashi in shina jin yunwa shi jira ta nuna shi ci. Ta kowa ce."

Ta kowa kuwa a aikinmu farin turke ce. Mai Lema ya sake tambaya, ya sa na tambayi mai gari, na tambayi jama'a. Kowa ya dubi ƙasa. Da kanta ta fito. Mai Lema ya miƙo hannu in ba shi farin turke.

Ɗanjumma ya matso kunnena. "Ja Mai Lema gehe ka hwaɗa mashi mi ak kwance ƙarƙashi. A hankali."

Wannan ita ce hanya, kuma a buɗe take. Amma ni ina da abin da na gani da idona, ga taro, ga maigida yana jira, ga dama in nuna na fi kowa sani. Na ɗaga murya.

"Haba Baba Nomau! Ni na gan ka da sungumi, na gan ka kana share sawu da reshen giginya. Kai ka shuka. Mene ne abin ɓoyo?"

Na juya na maimaita da Turanci, har da sunansa.

Tarakta kaɗai ake ji. Mai Lema ya karɓi jan turke, na buga da kaina, guduma na ƙara a wurin kamar ana buga ƙofar gidan da ba kowa. Da na gama, tsohon ya tako ya tsaya a gabana. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Ɗan wa kake?"

Na faɗa masa sunan Innata da garinsu.

"To ka sani ke nan. Ka tsirar da ƙasa, ka yanka sadaka. Wagga ta zama gonata, ni kuwa ba ni noma bisa kan uwata."

Washegari aka aiko mini da sungumin Baba Nomau har ofis, ba saƙo.

Ranar awon kuwa, a jirgi, da muna komawa, na gaya wa Mai Lema abin da ke ƙarƙashin masarar. Ya ce da na faɗa masa kafin guduma, da ba ja ba fari, don ba a buga wa maƙabarta turke. Yanzu kuwa wurin ya tafi Sakkwato a matsayin gona, gona kuma tana da doka: in bazara ta zagayo ba a shuka ba, jan turke ya koma fari.

Shekara ta juyo, ruwa ya rufe tsibirin amma bai cika ba, ya sake janyewa har tsibirin ya haɗe da gaɓa. Baba Nomau kuwa tun da sanyi ɓarin jikinsa ya shanye, sai an juya shi a kan tabarma. Na je wurin mai gari na roƙa a sa wani ya shuka. Ya ce, "Wa za shi shuka gonar Nomau? An riga an kira suna." Na ce to ni zan shuka. Ga sungumi a ɗakina, ga iri na saya. Na ce gobe, na ce jibi, aka tura ni Shanga rabon taki, na zauna can ina cin kifin mutane har lokacin shuka ya wuce. Wannan ita ce gaskiya, ban sa ƙwaya ɗaya a ƙasar nan ba a shekarar, Allah shi ne shaida.

Ranar dubawa muka tafi da hantsi, farin turke a hannun Mai Lema, yana riƙe da shi kamar ba nasa ba. Ɗanjumma bai yi tsiya ko ɗaya ba a hanya. Muka zagayo matattun itatuwan nan, sai ya daina tuƙi.

Masara ce tsaye, kore shar, ta kai gwiwa.

Ku da ba ku san lakar tafki ba, ku ji. In ruwa ya janye, saman lakar yakan bushe ya yi ɓawo kamar ƙanzo. Ko akuya ta taka, sawun yana nan har ruwa ya dawo. Muka zagaye tsibirin kaf kafin mu hau. Babu sawun mutum, babu jan reshe, babu inda jirgi ya goga. Sawun tsuntsaye kaɗai. Ɓawon yana nan yadda ruwa ya bar shi, kowace masara ta huda shi ta fito. Namu sawun ne na farko, muna tafe yana fashewa a ƙarƙashinmu.

Mai Lema ya ajiye lema, abin da ban taɓa gani ba, ya durƙusa ya tona gindin guda. Ga ragowar ƙwayar a zurfin yatsa, daidai inda mai sungumi ke ajiye ta. Ya tona wata, haka.

Ni kuma na warware igiya don hannuna ya sami abin yi. Tazarar layi irin ta bara ce, takun dogon mutum. Wuraren da layi ke kewayewa suna nan inda na san su. Sai a gefen gabas, kusa da inda tsohon ya tsaya bara yana maganar uwarsa, na ga layi ya karkace inda bara ya wuce a miƙe. Fili ne sabo, ba ko tsiro ɗaya a ciki. Na ɗora igiya. Ya fi sauran tsawo.

"Malam," in ji Ɗanjumma daga baya, murya ƙasa-ƙasa, "naɗe igiyarga."

Mai Lema ya tashi yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Umaru, wace kalma?"

Na ce natural. Ya ce ƙasa ba ta yin layi. Na ce volunteer. Ya ce gyauro ba ya auna zurfi. Wild? Ya nuna mini ganyen, irin na gida ne. Accidental ban ma faɗa ba, shi ne akwai hannu babu niyya, nan kuwa ga niyya a fili, hannun ne babu. Na ce to spontaneous, kamar harawar Shanga. Ya girgiza kai.

"Harawa ba ta san inda kowa yake kwance ba."

Ya tsaya yana kallon sabon filin. Sannan ya ce duk kalmomin da ya koya mini na abin da ba a nufa ba ne, ba shi da ta wannan. Ya je ga jan turken bara, wanda ruwa ya kwantar, ya miƙar da shi, ya karɓi guduma ya buga da kansa. Farin kuwa ya jefa shi cikin jirgi.

Muka haye zuwa sabon gari don mu gaya wa mai gari tarakta ba za ta zo ba. Tun daga nesa muka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Nomau, maza na zaune, ana ɗebo ruwa. Ashe da hantsin nan tsohon ya cika. A tudu aka binne shi, ni ma na sa hannu a ɗaukar makara, dogon mutum ne ƙwarai. Bayan an shafa fatiha na matsa kusa da mai gari na ce masa akwai masara a tsibiri. Bai ɗago kai ba.

"Da kanta ta hito," ya ce.

Mai Lema bai ƙara shekara ba ya koma ƙasarsu. Ni na ci gaba da awo har aka yanke mana jiha, har na yi ritaya. Na rage daka wa mutane Turanci, kifi kuwa ban daina karɓa ba sai da haƙora suka gaza, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da zan ce ku riƙe shi ne wannan: kafin ka sa wa abu suna, ka durƙusa ka tona, in kuma dattijo ya ba ka amsar da ka san ba haka ba ce, ka ja shi gefe kafin ka ɗaga murya.

Jan turken yana nan, ana sabunta masa fenti. Wani daga cikinku ya zo gidana kwanan baya ya ga sungumi a bayan ƙofa da ɗanyar laka a bakinsa, da reshen giginya a jingine, ya ce, "Baba, kai da ba ka da gona a bakin ruwa?" Na ce ya sha furarsa. In bazara ta yi kuka bi ta Gungun Tsamiya, za ku ga masara, layinta yana kewaye wurare, har da dogon nan na gefen gabas. Ku karya ku gasa ku ci, kada ku kai gida. In kuma takardarku ta matsa sai kun rubuta wanda ya shuka, kada ku zo wurina. Da kanta take fitowa.